Rabon Gwamnati a Gonar Eulogia

Doña Eulogia Ccanto ba ta iya cin alherin mutum ta yi barci. A ƙauyensu da ke kan duwatsun Huancavelica dama haka aka saba, wanda ya zo maka gayya yau, gobe kana gonarsa da fartanyarka. Sai dai ita nata ya yi yawa. Ko gishiri ka sam mata, kafin ka isa gida ta biyo ka da ƙwai.

Shekarar korona aka rufe Lima, babban birnin ƙasar. Ɗanta Wilber ya kwaso matarsa da 'ya'yansa suka taho daga can, rabin hanya a ƙasa, suka iso ƙafafu a kumbure. Busasshen dankali ya ƙare, sha'ir ya ƙare, dole ta buɗe ɗakin da take ajiye iri. Ranar da ta fara dafa dankalin shuka ta yi kuka a bakin murhu, don tun daga hannun uwarta irin nan ya zo. Ko da damina ta matso, ɗakin wayam, gona kuma an gyara ta tana jira.

Ana cikin haka motar gwamnati ta zo filin makaranta da tallafin mutanen karkara. Wani mai takunkumi, wanda ko fuskarsa ba ta gani ba, ya miƙa mata kuɗi ya kira na gaba. Ita kuwa ta tsaya tambayarsa ina gonarsa take, kuma yaushe zai buƙaci hannu. Layi ya kwashe da dariya.

Kuɗin ya kwana biyu ƙulle a gefen mayafinta. Ta ce ba za ta shuka abin da ba ta san yadda za ta rama ba. Wilber ya yi lallashi har ya gaji, ga hadari yana haɗuwa kullum. Maƙwabcinta Don Anacleto ne ya leƙo ta kan katanga.

"Haba Eulogia, gwamnati za ki yi wa gayya? In kika je Lima da fartanya, fulawar ƙofar ofis za su sa ki yi wa ban ruwa. Damina dai ba ta jiran taurin kanki."

"Ka gama? To ara mini jakinka."

Ashe ta sami mafita. Ta sayo iri a kasuwar Paucará, aka shuka, ta ware layuka mafi kyau na kusa da ƙorama ta ce na gwamnati ne. Su ta fi nome wa, har jikoki suna tsokanarta wai ta sami sabon ubangida.

Gona ta yi albarka. Ranar tono ta hana kowa taɓa sabon dankali, ta goya buhun dankalin layukan gwamnati ta nufi ƙaramin asibitin ƙauyen. Nas guda ce a wurin, Yesenia, yarinyar da ta yi shekarar nan tana bin gida gida da sandar auna zazzaɓi, ba ta ko je ganin iyayenta ba. Eulogia ta sauke buhun a gabanta ta yi mata bayani.

Yesenia ta ce, "Inna, ni ban ba ki ko sisi ba. Ban ma san masu rabon ba."

"Ni ma ban san su ba, ɗiyata. Ke kaɗai ce gwamnatin da na ga tana kwana a garin nan. Karɓi, don Allah, jikokina na jira su ci nasu."

Yesenia ta matso kusa. Ta durƙusa ta kama bakin buhun, su biyu suka ja shi zuwa ciki.