Ban Ƙona Ta Ba

Har yau, idan na tuna kalmar da aka jingina mini a daminar da na dawo daga bautar ƙasa, sai raina ya ɓaci. Cewa aka yi na ƙona kwamfutar ƙungiya. Zan rubuta yadda abin ya kasance daki-daki, ba zan rage laifina ba, ba kuma zan karɓi wanda ba nawa ba.

Ƙungiyar manoman masara ce a Malumfashi, mai ofis ɗaki guda. Shugabanta, wani Alhaji aminin mahaifina, ya ɗauke ni aikin zana taswirar gonakin mambobi, tun daga gefen gari har Ƙarfi, saboda gardamar iyaka da ke tashi duk lokacin shuka. Kwamfutar tebur ɗin ofishin tsohuwa ce, da na buɗe babbar taswira sai ta sanƙare. Na nemi a sayo katin hoto, wato abin da ake sokawa a cikinta don ta iya ɗaukar manyan zane. Aka sayo daga Funtua. Ranar Laraba da hantsi na saka shi, na cire wayar allo daga tsohuwar kafar da ake soka ta a bayan kwamfutar na mayar kafar sabon katin, na kunna, hoto ya fito tas. Na gani da idona, sai dai ni kaɗai ne a ɗakin, don haka ba ni da shaida.

Da yammacin ranar, bayan na tafi, aka yi hadari da tsawa. Washegari na danna maɓalli, fanka ta juya, 'yar fitila ta kama, allo kuwa baƙi ƙirin.

Sakataren ƙungiya, dattijo ne tsohon malamin gona, yana tsaye a kaina. Ya ce shekara da shekaru na'urar nan lafiyarta ƙalau, sai da aka buɗe mata ciki. Kafin azahar maganar ta kai rumfar mai shayi, kafin la'asar ta riga ni gida. Na yi ta bayani cewa abin da ya ƙone ba ya juya fanka, kuma ba ya rasa ƙauri, cewa rashin nuna hoto daban, ƙonewa daban. Ba wanda ya ga bambancin. Wani manomi ma tambayata ya yi, wai a jami'a kwancewa kawai ake koyarwa, ɗaurawa sai a digiri na biyu?

Alhaji ya kira ni gefe, ya ce, "Ɗana, in ba ta tashi ba zuwa Asabar, mai gyara zai zo, taswirar kuma mu ba wani. Mutane sun fara magana."

Kwana biyu na yi ina fama. Na buɗe murfin gefe, na danna katin ya zauna daram, na duba wayar da ke ba shi wuta, na goge ƙura, na gwada da wutar janareto. Bayan kwamfutar yana manne da bango, don haka hannu kawai na zura, na ji wayar allo a ɗaure tam. Ban leƙa ba. Wannan laifina ne, na kuma amsa shi.

Ranar Asabar da safe na yanke shawarar cire katin gaba ɗaya. Na jawo teburin a gaban Alhaji da Sakatare, sai na ga wayar allo a tsohuwar kafa, a gefenta kuma ɗigon jan fenti da ban kula da shi ba ranar Laraba, irin wanda ake yi wa buhunan masara shaida da shi. Na tambaya wa ya taɓa ta. Sakatare ya amsa ba tare da wata damuwa ba, cewa duk ranar da aka yi tsawa yakan zare wayoyin na'urar kakaf, in gari ya lafa ya mayar, shi ya sa tun tuni ya yi wa kowace waya da kafarta alama iri ɗaya.

"Ja ga ja, Malam," in ji shi. "Ban taɓa kuskure ba."

Na gaya musu cewa muddin sabon kati yana ciki, kwamfutar nan ba ta aika hoto ta tsohuwar kafa. Na mayar da wayar inda na sa ta ranar Laraba, na kunna, gonakin Ƙarfi suka bayyana.

Alhaji ya yi hamdala, ya ce ashe ta farfaɗo. Na ce masa cikin ladabi ai ba ta suma ba. Sakatare ya ce da na gaya masa na sauya kafa, da duk haka ba ta faru ba. Gaskiyarsa, ban gaya masa ba. Amma shi ma kwana uku yana jin ana cewa na ƙona, bai ambaci zare waya ko sau ɗaya ba, kuma ba wanda ya ce mini in yi haƙuri. Aikin dai ya zauna a hannuna. Na karɓi gwangwanin fentin, na kankare tsohon ɗigo, na ɗiga sabo a gefen kafar sabon katin.

Bayan mako guda ina awon wata gona a Ƙarfi, mai gonar ya nuna ni ga maƙwabcinsa, ya ce ni ne wanda ya ƙona kwamfuta ya kuma gyara ta. Na ajiye igiyar awo, na ba mai gonar labarin tun daga Laraba har Asabar. Ya saurara tsaf, ya gyaɗa kai, ya ce, "To, Allah ya kiyaye gaba, kada ta sake ƙonewa."