Iskar Bakin Babanmu

Babanmu mai aski ne, kuma shekara talatin da ɗaya bai taɓa rufe shago don ciwo ba. Da wannan yake tinƙaho har kunnuwanmu suka gaji. Kujera ɗaya gare shi, da madubi mai tsagewa a gefe, da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. In ya gama aski sai ya sunkuyo ya hure gashin da ya maƙale a wuyan mutum da bayan kunne, fuu, sau biyu. Buroshi kuwa, a cewarsa, na malalata ne.

Ni a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti nake aiki. Ranar da na ga idonsa ya yi ja, jiki zafi rau, na tare shi a ƙofa.

"Baba, wannan ba ƙaramar mura ba ce, mai zazzaɓin nan ce da ke yawo. Ƙwayar cutar a numfashinka take, tun kafin ka fara tari ma."

"To, likita. Ai bara ma na yi ta."

"Ta bara daban. Kowace shekara sai ta sauya kama, jiki ya kasa gane ta."

"Ni dai almakashina bai sauya ba," in ji shi, ya ɗauki makulli ya fice. Haushi ya cika ni, amma wa ya isa ya hana Baba?

Ashe ranar ce ranar askin Tsohon Direba, amininsa tun ƙuruciya, mai fama da asma. Bayan kwana biyu aka kawo shi asibitinmu, numfashi da ƙyar. Da Baba ya ji, shi ya lissafa kwanakin da kansa. Ya sa wa shagon kwaɗo. Kwana tara yana gida, kullum na dawo sai ya karanci fuskata kafin ya iya tambayar jikin Direba. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Direba ya tashi, sai dai ya rame ƙwarai. Da ya sake zuwa aski ina shagon. Baba ya gama, ya sunkuyo, ya cika kumatu da iska, sai ya tsaya cak. Ya haɗiye ta, ya jawo aljihun tebur ya ɗauko sabon buroshi.

"Kai, ina fuu ɗina?" in ji Direba.

"Iskar ta ƙare," Baba ya ce, yana share masa wuya a hankali. "Kai dai ka riƙe taka."