Malama Hure Mai Akwatunan Littattafai

A Anka in ka ce Malama Hure, sai a tambaye ka wacce. Amma in ka ce mai akwatuna, kowane ɗan kabu-kabu zai sauke ka a ƙofar gidanta.

Malamar firamare ce tun tana da ƙuruciya, mace doguwa mai babbar murya, wadda in tana karantarwa a aji ɗaya har na kusa suna amsawa. Shekarar da gubar dalma ta yi ɓarna a ƙauyuka, aka nemi mata masu iya bayani su raka ma'aikatan lafiya, ta tafi Abare. Aikinta ta ɗaga hotuna ta nuna wa iyaye mata yadda ƙurar dutsen zinariya ke shiga cikin yaro. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, bayan an gama bayani matan ba sa tashi. Sai su karɓi hotunan suna juyawa, suna tambaya ko akwai wasu.

Da ta yi ritaya sai ta shiga wata ƙungiyar masu son karatu da ke garin. Tsofaffin malamai ne da 'yan kasuwa da ma'aikata, suna da ɗaki guda cike da littattafan boko da na ajami, ga tsofaffin hotunan gari. Ɗakin kullum a share, kullum kuma ba kowa. A wani taro Hure ta miƙe ta ce wa shugabansu, Alhaji Ɗanmusa, wani dattijo mai sayar da taki:

"Alhaji, littattafan ga sun gaji da jiran mutane. Mu kai musu su har gida."

"Da mi, Malama? Abin da muke tarawa duk wata ko fitila ba ya riƙewa. Sai dai in mai kallo zai biya a ƙofa."

"In an ce a biya, matan da nike nufi ba su zuwa."

Alhaji ya yi dariya ya ce to, tunda ita ta kawo magana, ita za ta ɗauke ta. Haka aka ɗora mata aikin.

Ba ta roƙi kowa kuɗi ba. Gida-gida ta bi 'yan ƙungiya tana tambayar kowa abin da yake da shi. Kafinta ya buga mata allunan jingina hotuna masu naɗewa. Wata mai ɗinki ta haɗa labulen inuwa da ragowar yadi. Direban da ke kai kaya Gummi ya ce in dai akwatunan za su zauna kan buhuna, ya ɗauka. Shi kansa Alhaji Ɗanmusa, da ya ga da gaske take, ya ba da aron wata gona. 'Yan ƙungiya suka shuka wake, aka ga tsofaffin hedimastoci sun duƙa da fartanya suna nishi suna yi wa juna tsiya. Waken nan ne ya riƙe man mota da abincin tafiya, har aka ƙaro littattafai.

Ta fara da Bukkuyum, ranar kasuwa, a harabar wata makaranta. Da safe maza, bayan azahar ta sa labule ta ce lokacin mata ne. Wadda ba ta iya karatu ba, Hure ta zaunar da ita ta karanta mata.

Nan ta haɗu da Jibo, wani tsohon makiyayi da ya kawo ɗan maraƙi kasuwa. Ya zagaya allunan duka, hannu a baya, sannan ya tsaya gabanta.

"Malama, na ga masallaci, na ga ganuwa, na ga masu noma. Ina nagge?"

"Mi kac ce, Baffa?"

"Saniya. Ƙasar ga duk ba a taɓa kiwo ba?"

Hure ta duba allunanta, ta ga gaskiyarsa. Kunya ta kama ta, ta ce ya ba ta zuwa kaka.

Ta cika alkawari. Ta samo littattafan kiwo da na lafiyar dabbobi, ta shiga rugage da mai hoto, ta zauna da matan Fulani suna gaya mata sunayen shanu da launinsu tana rubutawa da boko da ajami. Da aka dawo Bukkuyum, Jibo ya zo da mutanensa. Ya daɗe gaban hoton wani bijimi mai dogon ƙaho, yana gyara mata sunan da ta rubuta ba daidai ba. Kafin su tashi ya tambayi yadda ake zama ɗan ƙungiya. Aka gaya masa. Ya ce shi ba ya iya zuwa Anka duk wata, amma duk shekara rago guda na ƙungiya ne. Wasu makiyayan suka bi sahunsa, har ta kai a babban taron shekara manoma da makiyaya kan zauna tabarma ɗaya suna gardamar garin da za a fara kai wa kaya.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Wata damina ruwa ya shiga akwati guda a hanyar Gummi, ta yi kwanaki tana shanya littattafai shafi-shafi a tsakar gida, tana korar awaki. Da hanyoyi suka rasa tsaro, an yi watanni ba a fita ba, wasu ƙauyukan ma har yau ba ta koma ba. A irin wannan lokaci sai ta baje kayan a makarantun cikin gari, inda da yawa daga mutanen ƙauyukan suka dawo da zama.

Yanzu gwiwa ta fara damunta, a kujera take karatu. Zuwanta Gummi na baya-bayan nan, wata mata mai suna Habsu ta dawo da littafin da ta ara, bangonsa duk tabon man gyaɗa, tana ta ba da haƙuri.

"Wa ya karanta miki?" in ji Hure.

"Ɗiyata, Inna. Ina tuyar ƙosai tana karantawa. Mun kai ƙarshe mun sake."

Hure ta shafa tabon da yatsa, ta ɗaga littafin ta nuna wa matan da ke zaune, ta ce irin wannan take so. Sannan ta jawo akwati ta zaɓo wa Habsu wani wanda ya fi shi kauri.