Yaya Mamman da ƙidayar shanun Damargu

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Mamman, malamin tattalin arziki a jami'ar Yamai. Har yau in na ga samari suna latsa waya a kasuwar Belbeji, shi nake tunawa, kuma raina ɓaci yake yi.

Wajen ƙarshen shekarun 1970 ya fara koya wa ɗaliban babban digiri aiki da kwamfuta. Abin da yake ji wa tsoro shi ne a riƙa cusa mata ƙarya, gwamnati kuma ta yi aiki da abin da ta fitar. Hakan kuwa aka yi. A shekarar da aka yi fari ya turo ɗalibansa Tanut, nan ƙasar Damargu, su gano yawan dabbobi don a kawo dusa. Suka bi rugage suna tambaya, "Baba, shanunka nawa?" Kai jama'a! Wane makiyayi ne zai faɗi yawan garkensa? Ga tsoron jangali, ga tsoron baki. Mai garke guda sai ya ce, "Ƴan ƙwarori ne, ɗana." Kwamfuta ta haɗiye, dusa ta zo kaɗan, shanu suka zube a hanyar Gangara.

Ban taɓa ganin Yaya ya yi kuka ba sai lokacin. Daga nan ya kafa doka: ɗalibi ba zai taɓa na'ura ba sai ya yi rani guda a bakin rijiya, yana ƙirga dabba da idonsa lokacin shayarwa, bakinsa a rufe. Ya kan ce mini, "Sa'a, ko mutum ɗaya in bari wanda ya san rijiya ya san na'ura, shi ma ya koyar da wani."

Ɗaliban suka watse. Wasu Turai, wasu ofis mai sanyi. Yau ga waya a aljihun kowane makiyayi, kamfanonin waje sun san inda ya kwana da inda ya shayar, suna sayar da labarinsa, shi ko labari bai da shi. Da Yaya na nan, wallahi baƙin ciki zai kashe shi.

Ɗalibi ɗaya ya rage yana koyarwa, Abdu. Bara na gamu da shi wajen suna a Damagaram, na tambaye shi yara nawa ya kai rijiya.

Ya sunkuyar da kai. "Inna, ko ɗaya. Ba mai yarda ya je. Ni ma baɗi zan ajiye aiki."

Allah ya jiƙanka, Yaya. Mutum ɗayan ka samu, na biyun ne babu.