Ramin da Baba Yake Gyarawa

Duk lokacin da na bi ta ƙofar garaji na ji warin baƙin mai a kan yashi, Baba nake tunawa. Kai da ka san wasan golf a talabijin za ka ɗauka filinsa ciyawa ce kore shar. Filin da Baba ya yi aiki, can bayan gari, ba ciyawa. Yashi ake kwaɓawa da tsohon man mota, a daddaɓe kewaye da kowane rami don ƙwallo ta gangara.

A unguwar Kirkissoye muke zaune. Ran Lahadi, da yake ba lakwal, wato makaranta, yakan ɗora ni a bayan kekensa mu tafi. Anasaran da ya zana filin ya sami wurare masu kyau: wani rami a kan tudu, ana hango kogi, wani a ƙetaren kwari. Amma dole ramuka su cika goma sha takwas, sai ya cusa ɗaya a wani fili fetal tsakaninsu, ba tudu, ba itace. Shi aka ba Baba.

Da bazara yashin kan ƙona tafin ƙafa. Da damina ruwa ya wanke man, Baba ya sake kwaɓi, yana jan buhu a kai har ya yi sumul. Masu wasa su iso suna hira, su buga, su wuce, idonsu na kan tudun gaba.

Na taɓa ce masa, "Baba, me ya hana ka roƙi na kan tudu?"

Ya ce, "Ɗiyata, wannan ma sai an bi ta kansa."

Shekarar da na gama firamare aka sake fasalin filin, aka shafe ramin, aka sallami Baba. Bai yi gardama ba. Ya jingine keken a zaure, ya rage magana, ya rage ci. Bai daɗe ba ya rasu.

Bara, a asibitin da nake aiki, na yi jinyar wani dattijo da ya yi shekara da shekaru yana wasa a filin nan. Ya yi ta ba ni labarin ramukan, fuskarsa na haske. Na tambaye shi na tsakanin tudu da kwari. Ya yi tunani da gaske don ya faranta mini.

"Ɗiyata, akwai rami a wurin?"

Na gyara masa matashin kai. Yanzu gidaje sun matso har bakin filin, abokan aikin Baba duk sun ƙare. Ban gaya wa dattijon ko ɗiyar wa ce ni ba.