Filibus Mai Walda da Taransifomar Layinsu

Filibus Dauda ɗan wani ƙauye ne kusa da Zuru. Ya zo Sakkwato yana saurayi, wurin ƙanen mahaifinsa mai aikin koyarwa, da niyyar ci gaba da karatu. Karatun bai karɓe shi ba, sai aka kai shi wurin wani mai walda a Gawon Nama, ya koyi haɗa ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe. Da aka yaye shi ya kafa rumfarsa a Mabera, lokacin bayan layin duk gonakin gero ne. A nan ya auri Lami, mai sayar da kayan miya, suka haifi 'ya'ya mata biyu, Gloria da Mercy.

Ba shi da yawan magana. Yakan buɗe rumfa da hantsi, in akwai wuta ya yi ta aiki har magariba, in babu ya zauna yana kankare tsatsa.

A hankali unguwa ta cika. Gonakin suka zama gidaje, kowane gida da fanka da firiza, wasu har da injin jan ruwa. Taransifomar layin kuwa ba ta canza ba. Wata bazara, ana tsakiyar zafin nan da ke sa kwalta ta yi laushi, ta yi ƙara ta ƙone. Aka daɗe babu wuta. Mutane suka ce injin Filibus ne, don duk sa'ar da ya ɗora wa ƙarfe wuta, ƙwayayen lantarkin maƙwabta sai su dushe. Maganar ta kai kunnensa, bai musa ba.

Bayan an gyara ta, mai unguwa, Malam Ƙasimu, ya tara masu sana'a a ƙofar gidansa. Kamfanin wuta ya turo injiniya, wata mata mai suna Sadiyatu. Ta ce ba za a samu babbar taransifoma nan kusa ba. Ta ce wannan ma za ta iya ɗaukar layin, abin da ke kashe ta shi ne kowa ya ja wuta lokaci guda, musamman daga azahar zuwa la'asar sakaliya. In masu manyan injuna za su raba lokaci a tsakaninsu, ita kuma za ta riƙa turo musu saƙo ta waya duk ranar da nauyi ya yi yawa, su kashe na ɗan lokaci.

Azumi ya gabato, kowa ya san tsakar ranar nan ce lokacin ciniki. Wata bazawara, Mariyatu, wadda ke ciyar da 'ya'yanta da sayar da ƙanƙara, ta yi magana daga gefe.

"Ranka shi daɗe, ni in an kashe min firiza da rana, mi zan sai wa mutane da shan ruwa?"

Mai unguwa ya dubi Filibus. "Baban Gloria, kai fa? Injinka shi anka fi kuka da shi."

"Ni zan koma safe," in ji Filibus. "Ƙarfe ba shi narkewa don ya jira."

Mai injin niƙa ya yarda ya gama nasa kafin azahar, ya dawo bayan la'asar. Aka tashi a kan haka.

Abin bai zo wa Filibus da sauƙi ba. Masu kawo masa ƙananan gyare-gyare, 'yan acaba da masu Keke Napep, da rana suke zuwa, kuma ba sa jira. Da yawansu suka koma wata rumfa a wani layi. Lami ta ce masa ya yi saurin amsawa, ai ba shi kaɗai ke da inji ba. Ya ce haka ne. Sannan da azumi ya kama, maƙwabta suka koka cewa dukan ƙarfensa na hana su barcin bayan asuba. Sai ya sake juya aikin: da sassafe walda kawai, wadda ba ta da ƙara sosai, guduma da yanka sai rana ta ɗaga, awo da fenti kuma da rana tsaka.

Wata rana saƙon Sadiyatu ya shigo tun kafin azahar, saboda zafi ya yi tsanani da wuri. Filibus na kan haɗa wata babbar ƙofar gida, mai ita, wani Alhaji Aminullahi, na tsaye da motar da za ta ɗauke ta. Filibus ya karanta saƙon, ya miƙa hannu ya kashe inji.

"Lahiya?" in ji Alhajin.

"An ce a sauke nauyi, Alhaji. Gobe da sahe ka aiko."

"Wanga ɗan abu da ya rage? Ga wuta nan ina gani!"

"Akwai ta. Amma mun yi magana da mutane."

Alhajin ya yi faɗa, ya tafi. Washegari ya aiko aka ɗauki ƙofar, bai sake kawo aiki ba.

Taransifomar ta fita bazarar nan lafiya, ta fita ta gaba. An ci gaba da ɗauke wuta daga can sama kamar kullum, fis ɗin taransifomar ma ya tsinke wasu lokuta, amma ita ba ta ƙone ba. Ba a yi wani taro don gode wa kowa ba. Mariyatu dai takan kawo wa Lami ƙanƙara da yamma duk tsawon azumi, su da ba sa azumin.

Daga baya aka yi wa Sadiyatu canjin wurin aiki, saƙonni suka daina zuwa. Sababbin masu gidaje suka saka na'urorin sanyaya ɗaki, ba su san da wata yarjejeniya ba. Mai niƙa ya koma yadda ya saba. Filibus ya ci gaba da aikinsa da safe. In an tambaye shi, sai ya ce jikinsa ya riga ya saba, kuma aikin wuta da sanyin safiya ya fi daɗi.

Bara idanunsa suka fara ba shi matsala, hasken walda na shekaru ya taɓa su. A asibiti aka ce ya bar aikin. Ya yi ɗan jinkiri, sannan ya sayar da injin ga wani mai walda na Ƙofar Kware. Yanzu rodi da fenti da makullai yake sayarwa a rumfar. Mercy ce ke ɗiga masa magani kafin ta tafi makarantar koyon aikin jinya, shi kuma yakan ce hannunta ya fi na uwarta nauyi.