Motar marayu da inshorar wata ɗaya

A shekarar da man fetur ya yi wuya a garin Greensboro na Amurka, har muka ga layin motoci a gidajen mai kamar muna gida, a shekarar ne Allah Ya karɓi ran aminina. Tare muke aikin ɗaga kaya a wani sito. Ya bar mata da 'ya'ya mata biyu a wani ɗan gidan haya a McLeansville, a bayan gari, ya kuma bar mota.

Da ajami ya rubuta wasiyyarsa, a bayan takardar kuɗin wuta, kuma a cikin waɗanda suka zo zaman makoki ni kaɗai na iya karantawa. Cewa ya yi a sayar da motar, a ajiye wa yaran kuɗin karatu, kuma ni zan tsaya a kai. Na karanta da bakina a gaban mutane, na ce na karɓa.

Matar tana takaba, ba ta fita. Inshorar motar kuwa ta mutu tun da aka rufe asusunsa na banki. Na samu mai saye a titin Gate City Boulevard, ya ce in kawo ya gani. Na kira wani dillalin inshora, ya ce babu ta kwana ɗaya, sai dai in biya wata guda, dala ɗari da tamanin, in an sayar in soke.

Na faɗa mata ta bayan labule.

Ta ce, “Malam, a biya mana.”

Na ce, “Hajiya, tafiyar minti ashirin ce. Kuɗin marayu zan miƙa wa mutumin da bai taɓa ganin motar ba?”

“Kai dai ba ka son a ci sisinka, ko da ba naka ba ne.”

Ta yi 'yar dariya, ta farko da na ji tun rasuwar. Ni ma na yi. A raina ina ganin tsantseni nake yi.

Bayan sallar asuba na karanta addu'ar hawa, na tayar da motar ba inshora. Ban yi mil uku ba barewa ta faɗo titi. Na kauce mata, motar ta gangara rami ta daki bishiya. Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Motar kuwa gabanta ya shige ciki, ruwan inji yana tsiyaya a kan ciyawa. Ɗan sanda ya zo ya rubuta mini takardar tara ta rashin inshora. Inshorar tawa motar ta ce ɓarnar da na yi wa wasu kawai take biya, bishiya kuwa ba ta kai ƙara ba. Masu sayen tsofaffin ƙarafa suka ba da abin da bai wuce kuɗin jan ta ba.

Mutane suka yi ta cewa ƙaddara ce. Ƙaddara ce, ban musa ba. Amma an ce mini a biya, na ƙi.

Da matar ta fita takaba na je na durƙusa. Ta ce, “Rabona na yafe. Na yara ba ni da ikon yafewa, kai ka fi ni sanin wannan.”

Na sani. Don in biya yaran kuɗin motar na ƙara aikin Asabar da Lahadi, na sayar da motata na koma shiga bas. Shekara uku ban je gida ba, a cikinsu mahaifiyata ta rasu, ta waya na ji. Babbar yarinyar ta gama sakandare kuɗin bai taru ba, ta kama aiki a wani shagon abinci. In na gaishe ta da Hausa, da Turanci take amsawa, ba ta kallona.

Ranar da na kai cikon ƙarshe, uwar ta ƙirga a gabana sau biyu, ta kira yarinyar ta sa mata a hannu. Yarinyar ta shige ɗaki.

Na tambaya ko za ta koma makaranta. Uwar ta ce ba ta sani ba, ta riga ta saba da albashi.

Sannan ta ce, “Malam, ka fita haƙƙinmu. Gobe kiyama ba mu da magana da kai.”

Na ce Alhamdulillahi, na sa takalmina.